Waken da Ke Cikin Hular Maigida

Na ji abin da kuke faɗa a gindin mangwaron masallaci bayan La'asar. Wai Malam Haladu ya samu aikin hutu: ya ɗiga ruwa, ya haska tocila, ya buga tambari a buhu, shi ke nan. Ɗayanku har ya ce da wayarsa ma zai iya, in dai akwai caji. Madalla. Tunda Allah ya albarkaci unguwar Asata da masana haka, bari in rubuta muku yadda aikin hutun yake, daki-daki. Da Hausa na rubuta. Wanda Hausar ta gagare shi, ya nemi mai juya masa zuwa Turancin Buroka.

Aikina gwajin wake ne. Ina duba ko akwai ragowar maganin ƙwari a cikin waken da ake kawowa daga Arewa, kafin ya shiga tukunyar mutanen Inugu. Kayan aikin guda biyar ne, kuma a jere suke.

Na farko, ƙarfen sokar buhu. Tsawonsa kamu ɗaya, cikinsa rami ne, bakinsa da tsini. Ka soka, wake ya gangaro ta cikinsa zuwa kwano, ka zare, ka shafe wurin da farce saƙar ta koma. Wuri uku ake sokar buhu: baki, tsakiya, gindi. A cikin kowane buhu biyar ana sokar ɗaya, kuma ba mai kayan ne ke zaɓa ba. Na biyu, ɗan turmi da taɓarya. Ana wanke su sau uku bayan kowane gwaji, ba sau ɗaya da bismilla ba. Na uku, kula mai ƙanƙara, a cikinta ƙananan kwalabe suke. Na huɗu, baƙin akwati mai ƙofar leƙe, da fitila a cikinsa mai shuɗin haske, irin wadda masu canji a Anacha ke haska kuɗi da ita don gano na jabu. Na biyar, agogo. Minti goma ake jira. Ba a rage su don mai kaya yana sauri, ba a ƙara su don ana hirar ƙwallo.

Ku dai fitilar kuke gani, don ita ce mai ƙyalli. Ita ce kuwa mafi ƙarancin aiki a cikinsu.

Abin da ke cikin kwalaben wani sinadari ne da aka samo daga jikin abu mai rai. Ni dai yadda na gane shi, ƙwaro ne marar ƙafa da ke zaune a cikin ruwa. Muddin yana aikinsa, in ka haska shi sai ruwan ya yi kore shar kamar idon kyanwa. Maganin da ke kashe ƙwaron wake shi ma yana kashe shi. Saboda haka in ka daka wake, ka jiƙa, ka tace, ka ɗiga ruwan a kwalba, koren zai faɗa maka gaskiya. In ya tsaya, waken lafiya. In ya dushe, akwai magani kaɗan. In ya mutu murus, kada ka ba ko akuya. Yana kama abin da hanci ba ya ji, wanda ido ba ya gani. Amma ba kowane irin magani yake kamawa ba, kuma wanda ya ce muku yana kama komai, to ku riƙe aljihunku.

Kafin a gwada wake, sai an tsayar da shaidu biyu. Kwalba ɗaya a ɗiga mata ruwa mai tsabta, dole ta yi kore. Kwalba ta biyu a ɗiga mata ruwan da aka san akwai magani, dole ta mutu. In shaidun nan ba su faɗi daidai ba, babu shari'a a ranar. Na tuna wani falke da zai wuce Fatakwal da buhu arba'in. Na gwada, kwalba ta yi duhu. Mutumin ya fara salati, gumi yana zuba. Na duba shaidar farko, ita ma duhu. Ashe kwana biyu babu wuta, mai ƙanƙara ya sayar mini da ruwan sanyi da sunan ƙanƙara, zafi ya kashe sinadarin tun a kula. Da ɗayanku ne, da tuni ya ɗauki hoton kwalbar ya watsa a waya, ya kashe kasuwar bawan Allah kafin Azahar. Na hau okada na samo sababbin kwalabe, na sake. Wakensa lafiya lau.

Masu kawo kaya kuwa iri-iri ne. Akwai wanda ke tsayawa nesa da akwatin yana tofa addu'a, wai aljani ne a ciki. Akwai wanda ke tura mini ƙullin goro da wani abu a ƙarƙashinsa, kamar kwalba tana cin goro. Wani ya taɓa kawo mini maganin basir in gwada masa ko na gaske ne. Na ce masa wannan gwajin shi zai yi da kansa, ya dawo ya ba ni labari.

Sau biyu na yi koyon sana'a. Na farko a hannun Alhaji Bawa, dillalin wake, wanda ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Inugu ina da aji shida na firamare da riga biyu. Shekara ashirin da biyu na yi a sitonsa. Shi ya koya mini cizon wake don sanin bushewarsa. Shi ya koya mini kara kunne a jikin buhu in ji motsin ƙwari. Shi ya koya mini riƙon ƙarfen suka, har yana bugun hannuna in na tsaya a bakin buhu. Yakan ce, "Bakin buhu na mai sayarwa ne, Haladu. Gindin ne naka." Shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna.

Shi ne kuma ya koya mini zuba magani. Ba zan ɓoye muku ba. Murfin kwalba biyu na fiya-fiya a kowane buhu, a cuɗa da hannu, a ɗinke da basilla. Kowa haka yake yi a layinmu na 'yan wake a kasuwa, kuma kowa yakan ce ba ya komai, ai in an dafa ya fita. Sai dai kowane dillali yana da buhu ɗaya a lungun sito, wanda ba a zuba masa komai sai busasshen barkono. Sunansa buhun gida. Daga nan ake ɗibar na iyali. Maganin da ba ya komai ɗin, ban taɓa ganin wanda ya kai wa uwar 'ya'yansa ba.

Koyo na biyu ya same ni da furfura. Wata mata daga jami'a, Dokta Ngozi, ta zo da akwatin nan tana neman wanda za ta koya wa a cikin 'yan wake. Sa'ar 'yata ta biyu ce. Dattawan layi suka taru suka yi shawara, suka ce a ba ta Haladu, tunda shi ne mai son ƙa'ida kamar ɗan sandan hanya. Ba girmamawa ba ce, neman kai suke da ni. Wata uku tana sa ni wanke turmi. Ranar farko ta ɗaga shi sama ta sansana, ta ce, "Baba, sake." Na sake. Ta ce, "Baba, sake." Ni da na aurar da 'ya'ya uku. Ku da in aka ce ku share gaban shago sai kun tambayi dalili, ku rubuta wannan ku ajiye.

Ranar da za ta bar mini akwatin ta ce, "Baba, kwalba ba ta ƙarya. Amma abin da ka ba ta shi kaɗai ta sani. Da hannunka za ka ɗiba." Na ce mata wannan karatun na haddace shi tun ba a haife ta ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Wake ya yi tsada, masu hali suka ɓoye shi a sito suna jiran ya ƙara, ƙwari suka samu gidan haya kyauta. Murfi biyu ya koma huɗu, huɗu ya koma a tuttula kawai. Aka fara jin labarin gidajen da suka ci wake suka kwana a asibiti da amai da ciwon ciki. Ban ga ko ɗaya da idona ba, amma kasuwa ba ta jiran shaida. Matan da ke saye a wurinmu suka ɗauke ƙafa. In sun wuce ta layinmu sai su toshe hanci da gefen zane, yaransu na ihu, "Aboki don put poison!" Wai Bahaushe ya zuba guba. Mutanen da muka yi shekara talatin muna gaisawa da su. Sai ga dattawan da suka ba da ni don neman kai sun zo har rumfata da manyan riguna. Aka yanke cewa babu buhun da zai fita daga layi sai da tambarin Haladu, shuɗin fenti, harafi ɗaya. Ba don sun so ba. Tambarin nan shi kaɗai ya rage tsakaninmu da rufe shaguna.

Mata suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ba sa tambayar farashi sai sun juya buhu sun ga shuɗi.

Ran wata Talata da hantsi, tirelar Alhaji Bawa ta iso da buhu ɗari biyu. Ina cikin wanke turmi sai na ji sallamarsa. Da kansa ya tako, da sandarsa, ga mutane cike da rumfa. Na miƙe na ba shi kujerata, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ya cire hularsa. Cike take da wake, fari tas, manyan ƙwaya.

Ya ce, "Ga shi, Haladu. Na hutar da kai hawa mota da wannan gwiwar taka."

Ku da aka haifa a nan ba lallai ku gane nauyin abin ba. A wurinmu, in babba ya miƙo maka abu da hannunsa, hannu biyu kake sawa. Ka bar abin da maigidanka ya miƙo, ka ɗauki ƙarfe ka nufi buhunsa a gaban jama'a, daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a tsakiyar kasuwa. Ƙarfen yana rataye a ƙusa, kamu ɗaya daga kafaɗata. Na sa hannu biyu na karɓa.

Sauran aikin kuwa na yi shi kamar a littafi. Turmi wanki uku. Shaidu biyu suka faɗi daidai. Minti goma cif. Na leƙa akwati, kore shar, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na ɗauki fenti na bi buhu ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Ka ga aikin hutu.

Washegari da safe sai ga Mama Nkechi. Mai ƙosai ce a bakin wata makarantar firamare, ta fi shekara goma sha biyar tana sayen wake a layinmu, kuma ita ce ta fara dawowa bayan an ƙaurace mana. A Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta yawancinku. Ta sauke wani baho daga kanta ta dire a gabana. Ruwan jiƙon wake ne, ƙudaje sun fi ashirin a kai, duk a mace.

Ta ce, "Malam, ina kwana. Ka ga baƙin da suka zo cin ƙosaina tun ban soya ba."

Na ce, "Lafiya lau, Mama. A ina kika sayi waken?"

"A ina kuwa? Inda ka sa hannu. Buhu biyu na ɗauka jiya wurin Alhajinka." Ta nuna bahon da haɓa. "Shekara nawa ina jiƙa wake, ƙuda na sha yana tashi yana gode mini. Yau ya sha ya kwanta. Ni ban yi jami'a ba, ba ni da tocila. Amma yara ɗari da wani abu ke cin ƙosaina kafin a buga ƙararrawa."

"Kin soya?"

"Da na soya, da ba ni za ka gani ba, da iyayensu za ka gani. Yau yaran sun shiga aji da yunwa. Gwada mini wannan, Malam. A gabana."

Na tace ruwan na ɗiga. Ba a kai minti goma ba koren ya mutu, kwalba ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ba ta ta leƙa da kanta. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "To. Shuɗin nan naka, fenti ne kawai, ko magana ce? In fenti ne, faɗa mini in gaya wa sauran mata, kowa ta san inda za ta."

Na sauke ƙarfen daga ƙusa, na ɗauki kwanuka da tsumma da galan ɗin kananzir, na nufi siton Alhaji. Tana biye da ni da bahonta, bayanta 'yan dako, bayansu duk wanda ba shi da aikin yi, wato rabin kasuwa.

Alhaji na zaune a kan buzunsa a ƙofar sito yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, ban rage komai ba. Ya amsa, idonsa a kan ƙarfen.

Ya ce, "Haladu, wannan fa? Farauta za ka?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, buhunan zan soka."

"Waɗanda ka sa wa hannu jiya?"

"Su."

"Waken da na kawo maka da hannuna, ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba, Alhaji. Daga wane buhu aka ɗebo shi?"

Ya daina jan carbin. Sannan ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Daga buhun gida mana! Da me kake so in kawo maka? In zo wurin ɗana da hulata, in zuba masa waken kasuwa? Ai gona ɗaya ce, mota ɗaya ta kawo su."

Har yau ban ce Alhaji ya shirya yaudarata ba, ban kuma ce bai shirya ba. A wurinsa, in za ka kai wa mutum abu da hannunka, mai kyau kake kaiwa. Haka aka tarbiyyantar da shi, haka ya tarbiyyantar da ni. Shi ya kawo don girmamawa, ni na karɓa don girmamawa, muka taru muka girmama juna a kan cikin 'ya'yan mutane.

Wani dattijo ya matso ya kama hannun rigata. "Haladu, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ubanka ne. A bari a yi maganar nan a cikin gida."

Mama Nkechi ta ce, "Baba, a cikin gidan wa? Naku ai akwai buhun barkono."

Na shiga sito na fara. Buhu arba'in na soka, baki, tsakiya, gindi. Alhaji ya ɗaga murya daga waje: "Da hannun nan na koya maka zuba maganin da kake nema!"

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Da shi kuma ka koya mini cewa gindin buhu ne nawa."

Na aika aka kawo akwati da kula da turmi, har La'asar ina gwaji a ƙofar siton, a gaban kowa. A cikin arba'in, shida ne kawai suka riƙe korensu. Na jiƙa tsumma da kananzir na bi buhunan ina goge tambarina, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na buga shi. Goma sha ɗaya sun riga sun fita kasuwa. Na bi su da okada har gidajen da aka kai su, kwana biyu, ina sallama ina cewa ni ne mai shuɗin fenti, na yi kuskure, kada a dafa. Wata tsohuwa ta zage ni da Ibo na kusan rabin awa. Ban ji duka ba, amma abin da na ji daidai ne.

Waken Alhaji aka zazzage shi a kan tamfol, aka yi makonni ana shanyawa ana juyawa ana sake gwaji. Wani kaso ya dawo kore, aka sayar. Mafi yawa bai dawo ba, aka mayar da shi Arewa a matsayin iri na shuka, da asara mai nauyi. Mata ba su ƙaurace ba. Mama Nkechi ta bi su da bakinta tana cewa ta ga mai tambari yana goge tambarinsa da kananzir, kuma wannan ya fi mata fentin.

Alhaji ya yi wata bakwai ba ya amsa gaisuwata. Kullum da safe nakan je in durƙusa in gaishe shi, ya dubi bango. Da sabon wake ya shigo, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi tsaye a bayan tirela, hularsa a kansa. Bai ce mini sannu ba. Ya nuna wani buhu can ƙasa da sandarsa, sai kuma ya janye sandar.

Ya ce, "Au. Na manta ba mai kaya ke zaɓa ba. Hau, ka ji da gwiwarka."

Na hau. A cikin buhunan nan duka, barkono ne aka zuba wa waken, kamar buhun gida.

To, ku ukun da kuka rubuta sunanku wai kuna son a bar muku akwatin in na gaji. Kun tuna ranar Litinin da ta wuce, da kayana suka iso, na zo rumfa da wake a cikin hulata na ce ku gwada mini? Ƙarfen yana rataye a ƙusarsa, na ma goge shi da safe don ya yi ƙyalli ku gan shi. Dukanku kuka miƙe, kuka rusuna, kuka sa hannu biyu. Ɗayanku har da "Allah ya ƙara girma, Baba." Wallahi tarbiyyarku ta yi kyau, zan gaya wa iyayenku su ji daɗi.

Mabuɗin akwatin yana aljihuna. Turmi yana inda kuka san shi. Wanki uku.